Yadda za ka gane shafin da ke ƙara lamba da kansa a SQLAlchemy

Malam, ka tambayi yadda za ka gane shafin tebur (wato column) da lambarsa ke ƙaruwa da kanta a SQLAlchemy, kayan aikin Python na mu'amala da rumbun bayanai (database). Kada ka dogara da `column.autoincrement` kaɗai. Tun daga SQLAlchemy 1.1, idan ba ka saka komai ba, "auto" yake bayarwa, ko da shafin na rubutu ne, don haka ba zai raba maka gardama ba.

Ka duba `table.autoincrement_column`, wanda ya fito fili a SQLAlchemy 2.0.4. Zai ba ka shafin, ko None idan babu. A tsofaffin sigogi `_autoincrement_column` ne, amma na cikin gida ne, wato an yi shi ne don amfanin SQLAlchemy kansa.

Idan kuwa daga rumbun bayanai na PostgreSQL kake karanto teburin, akwai nau'i biyu na shafin da ke ƙara lamba da kansa: shafin SERIAL yana zuwa da `nextval` (mai ba da lamba ta gaba) a default ɗinsa, wato abin da ake sakawa idan ba a ba da komai ba, shi kuma shafin IDENTITY ana samun bayaninsa ƙarƙashin `identity`.