Muryar amsa kan ƙurajen tafin hannu da na ƙafa

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na ga hoton tafin ƙafar ɗiyarki da kika turo, kika ce asibiti sun ambaci ciwon fatar da ake kira lichen planus, kina tambaya ko ana ɗauka. A'a, ba a ɗauka. Garkuwar jiki ce take taɓa fatar mai ita, babu ƙwayar cuta a ciki.

To, a tafin hannu da ƙafa yana ruɗa mutane, har da ma'aikatan lafiya. A wuyan hannu ƙuraje ne shafaffu masu sheƙi da ƙaiƙayi, amma a tafi fata na da kauri, sai ya fito kamar kantar da aiki ke sa wa hannu, da tauri, ɗan rawaya-rawaya, yawanci a kwarin ƙafa ta ciki. Shi ya sa ake cewa makero ne ko kaushi. Likita zai duba cikin kumatu ko akwai fararen zane, ya duba farce da ƙwauri. Za a kankari fatar a nemi makero, a gwada jini don tunjere da ciwon hanta nau'in C. Mai tabbatarwa shi ne a tsaga 'yar fata kamar milimita 4 a kai gwaji. Ku nemi takardar turawa zuwa likitan fata a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, ku tafi da duk maganin da take sha, don wasu magungunan hawan jini suna jawo irinsa.

Magani kuwa, man shafawa clobetasol na 0.05%, mai maiƙon, safe da dare, mako 2 zuwa 4, likita ya sake gani. Matsi ɗaya tsawon gaɓar yatsa ya ishi tafin hannu biyu. Da dare a shafa, a naɗe da leda, a sa safa, in ba haka ba kaurin nan ba ya bari ya shiga. Akan haɗa da man urea ya tausasa wurin.

Don Allah kar a kankare da reza! Duk inda aka ji wa fatar rauni, sabon ƙurji yake tsirowa. Wanki kuma ta sa safar hannu.

In bai ji ba akwai na sha, prednisolone ko acitretin, amma acitretin yana nakasa jaririn da ke ciki, mace sai ta kai shekara 3 bayan dainawa kafin ta ɗauki ciki. Baƙin tabon da zai bari yakan yi watanni, kar a bi shi da man bilicin. In tafin ƙafar ya zama gyambo ya ƙi warkewa, wannan ku koma asibiti ba jira.