Me ya sa ake harba igwa sau 21?

Salamu alaikum ɗana, na ga saƙonka tun jiya, wai me ya sa in shugaban wata ƙasa ya kai ziyara sojoji suke harba igwa sau 21, kace kai a ganinka wanda aka tara da harbi ai ba maraba aka mishi ba. Ka ban dariya wallahi, amma tambayar taka na kan hanya.

Abin ya samo asali ne tun zamanin da bindiga da igwa duk ta baki ake ɗura su. Ka zuba albarushi, ka jefa dalma da ɗan tsumma, ka ɗauko sanda kai ta dannawa har ya zauna, ga wani ɗan albarushin da za ka zuba inda ƙanƙara zata ƙyasta wuta, duk wahalar nan fa harbi ɗaya ne tak, sojan da ya ƙware shi ke samun uku a minti ɗaya, in ruwan sama ya jiƙa albarushin kuwa bindiga ta zama kulki. Igwa ma ta fi, sai an goge cikinta da jiƙaƙƙen soso kada ragowar wuta ta tashi da hannun mai ɗuri. Toh shi ya sa jirgin ruwan yaƙi in zai shiga tashar wata ƙasa sai ya harbe igwoginsa tun daga nesa, kowa ya ji ya san cikinsu wayam, da alheri ya zo, don kafin ya sake ɗuri an gama da shi. Ana cewa jirgi bakwai yake harbawa, na tudu da suka fi shi albarushi su mayar da uku kan kowane ɗaya, kai ɗan boko ne ka lissafa.

Abin da ya kashe ɗuri ta baki kuma yaƙi ne. A 1866 Furushiya, wani yanki na Jamus ta yanzu, ta kara da Ostiriya, sojojinta na riƙe da bindigar Dreyse da ake sa wa harsashi ta baya, mutum na kwance rub da ciki yana ɗuri yana harbi, su kuwa na Ostiriya sai sun miƙe tsaye da sandarsu, kaga ai sun ba da kansu. Cikin mako bakwai aka gama yaƙin. Daga nan kowa ya watsar da tsohuwar, 1884 kuma Faransa ta fito da albarushi marar hayaƙi, a wannan shekarar kuma wani Bature mai suna Maxim ya ƙera mashinga, shikenan.

Igwar yanzu kafin ka ƙifta ido an sake mata ɗuri, harbe ta bai nuna komai, al'adar ce dai ta zauna. In ka sake gani a talabijin ka lura ba harsashi a ciki, ƙara ce da hayaƙi kawai. Ka gaida min mamanka, kace ina nan tafe.