Sai an jira kwana uku kafin a san maganin da zai yi wa Mama?

Tambaya: Likita, mahaifiyata na kwance da zazzaɓi da zafin fitsari. Ta sha magani kala uku, babu sauƙi. Asibiti sun karɓi fitsarinta, sun ce sai bayan kwana uku. Wani ya ce akwai inda ake ba da sakamakon cikin awa ɗaya. Mu koma can? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. 'Yar'uwa, kada ku ɗauke ta.

Gwajin gaggawa akwai shi. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano tarin fuka daga kaki cikin kimanin awa biyu, har ta nuna ko ya bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Amma wata alama ce takamaimai take nema a ƙwayar halittarsa. Na fitsari kuwa, a yawancin asibitocinmu sai an shuka ƙwayar cutar ta tsiro, sannan a jera mata magunguna a ga wanda zai kashe ta. Awa 48 zuwa 72 ke nan. Wanda ya ce zai yi miki wannan cikin awa ɗaya, takarda kawai zai sayar miki. Kuma likitocinta ba za su naɗe hannu ba, za su fara mata magani kafin sakamako ya fito.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin nan kala uku. Wa ya rubuta? Kullum haka nake gani: a je kemis, a ɗora wa mutum amoxicillin, bai yi ba a ƙara ciprofloxacin, a bi da allurar ceftriaxone, sai an gaji a zo gwaji. A lokacin maganin ya danne ƙwayar, bai kashe ta ba. Mu shuka, ta ƙi tsirowa, sakamako ya ce ba a ga komai ba, 'yan'uwa su ce asibiti bai iya aiki ba, ko a ce sammu ne. Sai ka ji ana cewa "jikinta ya saba da magani". Ba jikinta ba ne, ƙwayar ce ta gagara, kuma mu muka horar da ita da rabin magani. Wani lokacin ma an share hanya Candida, wata ƙwayar cuta dangin yis, ta shigo, ita kuwa waɗannan magungunan ba sa taɓa ta.

Don Allah ki tattara kwalayen duk abin da ta sha ki kai wa likitanta yau, ki faɗi ranar da ta sha na ƙarshe. In ta fara ruɗewa ko fitsari ya ragu, ki kira nas nan take.