Mun karance Hadley Chase ɗin da ke hannunmu, ina sauran suke?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Daga Unguwar Rogo nake a nan Jos. Kwalin littattafan James Hadley Chase na gada a wajen babana, na karance su tas wasu ma har maimaitawa na yi. Muna da ɗan guruf a WhatsApp na masu son sa muna musaya tsakaninmu, to amma yanzu duk wanda aka kawo sai mu tarar mun riga mun karanta. Kwanaki kuma wani ya turo mana ɗaya wai sabo ne bana ya fito. Dan Allah har yanzu yana rubutu ne? Nawa ya rubuta gaba ɗaya, kuma ta ina za mu samo sauran?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba. To bari in fara da wancan sabon da aka turo muku, ba nasa bane, ku goge kawai. Mutumin ya rasu tun ranar 6 ga Fabrairun 1985 a ƙasar Suwizalan, littafinsa na ƙarshe kuma shi ne Hit Them Where It Hurts wanda ya fito a 1984, kuma babu wani da aka ɗora ya ci gaba da rubutu da sunansa. Nasan abin da ke rikita mutane, da yawa tare suka taso suna karanta shi da Nick Carter, shi kuwa wancan suna ne kawai na kamfani marubuta barkatai ne suka riƙa rubutawa a ƙarƙashinsa shi ya sa ba ya ƙarewa da wuri. Chase mutum ɗaya ne, Bature ɗan Ingila, an haife shi a Landan a 1906, sunansa na yanka René Lodge Brabazon Raymond. Littattafansa kimanin 90 ne, daga 1939 zuwa 1984, shikenan. Kaga kenan abin yana da iyaka, kuma hakan alheri ne a wajenku don abin da ake iya ƙirgawa ana iya tara shi.

Inda aikin yake shi ne ba duka 90 ɗin nan suka fara fitowa da sunan Chase ba. Sama da 15 da sunan Raymond Marshall ya fitar da su, tun daga 1940 har zuwa ƙarshen shekarun 1950, irin su Trusted Like the Fox da The Paw in the Bottle da Mallory da The Sucker Punch da Mission to Venice da Mission to Siena. Akwai ɗaya da ya sa wa James L. Docherty wato He Won't Need It Now, akwai kuma More Deadly Than the Male na 1946 da ya sa wa Ambrose Grant. Daga baya kamfanonin ɗab'i suka ga sunan Chase ne ke sayar da kaya sai suka sake buga su da shi, amma tsoffin bugun suna nan suna yawo, kuma wallahi mai sayar da tsoffin littattafai a bakin titi wani lokacin shi kansa bai san Marshall ɗin nan Chase bane, sai ya jefa shi cikin tarin masu araha can ƙasa alhali na Chase ya jera su a sama ya tsuga musu kuɗi. Saboda haka in ka je wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa ta wajajen Taminus kada ka tsaya tambayar "akwai Chase?" kawai, tsuguna za ka yi ka tona da hannunka. Ni a ganina ma na Marshall ɗin sun fi nuna gwanintarsa a wasu wuraren, don da yawansu a Ingila labarin yake, ƙasar da ya sani ciki da bai, ƙananan ɓarayi da masu damfara a Landan bayan yaƙin duniya na biyu, talauci da haya da kwaɗayi. Su kuwa na Amurkan da muka fi sani, mutumin bai taɓa zama a can ba sai 'yar gajeriyar ziyara, da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan daban Amurka ya riƙa haɗa garuruwan nasa.

Sai matsala ta biyu wadda ina zargin ita ce ke cin kuɗin 'yan guruf ɗinku, littafi ɗaya suna biyu. Figure It Out for Yourself shi ne dai The Marijuana Mob. Trusted Like the Fox shi ne Ruthless. But a Short Time to Live shi ne The Pick-Up. Kana ganin sabon suna da sabon bango sai ka biya da murna, ka je gida ka kishingiɗa ka karanta shafi uku ka ji kamar ka san mutanen nan. Maganinsa kafin ka miƙa kuɗi ka buɗe bayan shafin farko inda ake rubuta shekarar bugu da ƙananan haruffa, sau da yawa a nan za ka ga asalin sunan da shekarar da ya fara fita, in babu to karanta sakin layi na farko a tsaye a wajen, mai kaya ba zai hana ka ba. Bango kam kada ka yarda da shi ko kaɗan. Bugun kamfanin Corgi na shekarun 1970 ɗin nan masu hoton mace riƙe da bindiga, hoton yawanci ba ruwansa da labarin da ke ciki, kuma saboda hoton ne iyayenmu da yayyenmu suka riƙa naɗe bangon da jarida ko su yage shi gaba ɗaya don kada a gani a gida ko a makaranta, shi ya sa rabin waɗanda ke yawo a hannun mutane yau ba su da bango. In ka samu irin wannan duba saman shafukan ciki ko shafin take, galibi sunan na nan.

Kuma dan Allah ka juya ƙarshen littafin ka tabbatar shafin ƙarshe na nan. Takardar irin waɗannan bugun mai araha ce, ta yi ja ta bushe, gam ɗin gindin ya saki, shafukan baya su ne ke fara zubewa, wani mai kayan sai ya manna bangon baya a kan abin da ya rage ya yi shiru. Littafin Chase ba ƙarshe kamar tuwo ne ba miya, duk abin da ya ƙulla tun farko a shafi biyar ɗin ƙarshe yake warware shi.

Akwai ma wanda sunansa ɗaya amma rubutu biyu ne. No Orchids for Miss Blandish, na farkonsa kenan na 1939 wanda ya fito da shi duniya, shi da kansa ya sake gyara shi a 1961 ya sabunta yaren ya canza wasu wurare, to in kana da ɗaya ka ga ɗayan ba asara bane ka saya. Cigabansa kuma shi ne The Flesh of the Orchid na 1948, labarin 'yar da Miss Blandish ɗin ta haifa, mutane da yawa sun karanta na farkon ba su san akwai na biyu ba.

Shawarar da zan ba guruf ɗinku ita ce ku daina farauta da sunan littafi ku koma bin taurarin labarin, ta haka ne za ku gane inda ramin yake. Misali Helga Rolfe littafi uku ne kuma a jere ake karanta su, An Ace Up My Sleeve na 1971, The Joker in the Pack na 1975, sai I Hold the Four Aces na 1977, wanda ya fara da na ukun ya cuci kansa don ba zai gane tsohuwar gabar da ke tsakaninta da wani mai suna Archer ba. Mark Girland ɗan leƙen asirin nan mai son kuɗi da ke zaune a Faris, da abokin karawarsa Malik na Rasha, daga This Is for Real na 1965 ake farawa, sai You Have Yourself a Deal, sai Have This One on Me, sai The Whiff of Money na 1969. Na Vic Malloy mai bincike na kansa uku ne, You're Lonely When You're Dead ne na farko. Su kuwa na Paradise City, garin da ya ƙirƙira a Fulorida, inda 'yan sanda su Kyaftin Terrell da Tom Lepski da matar Lepski ɗin Carroll mai ƙona girki suke, sun fi yawa, daga The Soft Centre na 1964 suka faro, amma su ba dole sai a jere ba kowanne da kansa yake tsaye. Ku samu littafin rubutu guda ko ku buɗe lista a waya, kowa ya rubuta abin da ke hannunsa da shekararsa da ɗayan sunan in yana da shi, za ku sha mamaki, sau da yawa abin da kake nema yana cikin kwalin wani da kuke gaisawa kullum a masallaci.

Wajen samu kuwa, tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002 masu irin wannan sana'ar suka warwatsu, ba rumfa ɗaya za ka je ka gama ba, sai ka riƙa zagayawa kuma ka bar lambarka a wajen mutum biyu uku ka gaya musu sunayen nan huɗu, Chase da Marshall da Docherty da Grant, in dila ta iso su kira ka. Gidajen tsoffin ma'aikata da malaman makaranta da suka yi zamani a shekarun 1970 da 1980 ma ma'adana ce babba, in ka yi sallama da ladabi wani dattijon kyauta ma zai baka don ya ji daɗi an tuna da abin da yake so. In kana da mai zuwa Abuja ko Legas ka ba shi listar, ko ka duba masu sayar da tsoffin littattafai a intanet, wasu kuma an sake fitar da su ana sayarwa a karanta a waya.

Na PDF ɗin da ake turawa a guruf kuwa, ka sani haƙƙin mallakar littattafan bai faɗi ba, dokar Najeriya shekara 70 take bayarwa bayan rasuwar marubuci, kaga nasa sai ƙarshen 2055. Ban da wannan ma yawancinsu hoton shafi aka ɗauka na'ura ta juya shi rubutu, kalmomi a karye, wani babin ya ɓace ɗungurungum, kuma ta irin wannan hanyar ce ake liƙa sunansa a kan abin da bai rubuta ba kamar wanda aka turo muku. Duk sunan da aka kawo maka ka duba shekararsa, in ta wuce 1984 a matsayin fitowar farko ka tambayi mai turowar a ina ya samo.

Waɗanda ka gada ɗin kuma ka ɗauke kwalin daga ƙasa kafin damina ta kankama, sanyin Jos da laima da gara ba sa barin irin wannan takardar, ka sa su a kan kanta a tsaye, kuma duk wanda zai ara ya ajiye nasa ɗaya a madadi.