Filin Tambayoyinku: Karen da Ke Sunsuna Kwano Ya Juya Baya

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da kare namiji ɗan shekara biyu, nauyinsa kilo 10. Wata uku ke nan in na zuba masa busasshen abincinsa na buhu sai ya sunsuna ya yi tafiyarsa. In na yayyaga masa naman kaza a kai, sai ya tsince naman ya bar sauran. Na canja masa abinci har kala huɗu, kowanne kwana biyu yake ci ya daina. Gudunsa da wasansa ba abin da ya ragu, bai kuma rame ba. Ina mafita? (Wata mai karatu)

Amsa: Malama, zancenki na ƙarshe shi ya kwantar mana da hankali. Karen da ya yi wata uku yana ƙin kwanonsa amma bai rame ba, yana ƙoshi, ba dai daga kwanon ba ne. Bari mu yi lissafi. Baligin kare mai kilo 10 da ba ya aikin wahala yana bukatar kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) 600 zuwa 650 a rana. Giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza yana da kusan kalori 165, wato rubu'in abincin yininsa ke nan. Ƙwai ɗaya ya kai 70. Ki haɗa da ɗan abin da yara ke jefa masa da wanda maigida ke miƙa masa yana ci, za ki ga ya cika rabin cikinsa da abin da ya fi so tun bai kalli kwano ba. Ƙa'ida ita ce duk wani abin kwaɗayi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. A wurin naki karen kalori 60 ke nan, ko ƙwai guda bai kai ba.

Sai kuma darasin da kika koya masa ba da niyya ba: in ya ƙi, mafi daɗi na zuwa. Kare ba ya manta irin wannan karatu.

Ki zaɓi abinci ɗaya cikin huɗun, wanda buhunsa ya nuna cikakken abinci ne na baligin kare, ki tsaya a kansa. Ki auna na yini da sikeli, ba da ido ba, ki raba biyu, safe da yamma, a lokaci guda kullum. Ki ajiye kwanon a wuri mai shiru, ki bar wurin. Bayan minti 15 zuwa 20 ki ɗauke, ya ci ko bai ci ba, ba faɗa ba lallashi. Daga nan sai ruwa kawai har lokaci na gaba ya yi, kuma kada ki ninka masa don ya tsallake na safe. In da hali, ki fita da shi yawo na rabin awa, ya dawo ya huce, sannan ki zuba.

Lafiyayyen baligin kare ba abin da zai same shi don ya tsallake ci biyu ko uku, muddin yana shan ruwa. Yawanci a rana ta biyu ko ta uku yake saukowa. Inda ake samun matsala wajen mutanen gida ne. Mutum ɗaya ya ji tausayi ya miƙa masa loma a ɓoye, an koma gidan jiya, har ma ya fi muni, don yanzu ya gane cewa in ya daure kwana biyu zai yi nasara. Tsayawa a kansa ana kiran sunansa, ko ba shi a hannu, shi ma yana ɓata aikin. Wani karen in cikinsa ya daɗe ba komai yakan yi aman ruwa rawaya mai kumfa da asuba. Sau ɗaya, yana kuma cikin kuzarinsa, ba abin tsoro ba ne. A raba abincin uku, na ƙarshe dab da barci. Idan ya cika awa 48 bai ci komai ba, ko ya yi laushi, ko aman ya maimaitu, a daina gwajin a kai shi asibitin dabbobi.

Wannan tsari ba a yi wa ɗan kwikwiyo, da karya mai ciki ko mai shayarwa, da tsohon kare, da ramamme, da mai ciwon suga. Shi mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin, ci ɗaya in ya tsallake a tuntuɓi likita kafin a yi masa allurar.

Tambaya: Likita, karyata ta kai shekara tara. Da gudu take zuwa wurin kwano, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta saki, ta tsaya tana kallo. Tsufa ne ya sa ta yanga? (Wani mai karatu)

Amsa: Malam, wannan ba yanga ba ce. Mai zaɓen abinci ba ya so ne. Taka tana so, ta kasa. Ka fara da baki. Baligin kare yana da haƙora 42, kuma manyan na can ciki su suka fi tsagewa ko ruɓewa ba a lura ba. Ka ɗaga leɓenta a hankali ka duba: dasashi ja ko mai zubar da jini, datti mai tauri ruwan ƙasa a gindin haƙora, warin baki, dalala, tauna da gefe ɗaya, ko kumburi a ƙarƙashin ido. Dasashin lafiyayyen kare ruwan hoda ne. In ka gan shi fari fat, jini ne ya yi ƙaranci, kuma cutar da kaska ke yaɗawa na cikin abin da ake zargi.

In bakin lafiya, sai a yi tunanin tashin zuciya: lasar leɓe, haɗiyar yawu, kau da kai daga kwano. A wannan shekarun ƙoda ce kan gaba wajen jawo haka, musamman in shan ruwa da fitsari sun ƙaru. Kare yakan sha kamar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. In ta kai 100, ka faɗa wa likita. Idan ba a cire mata mahaifa ba, kuma makonni kaɗan ke nan da ta gama lokacin barbara, ruɓar mahaifa na iya zuwa da wannan siffa, ita kuwa ba ta jiran gobe. A yi mata gwajin jini da na fitsari cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin nan ka jiƙa mata abincin da ruwan ɗumi na minti 10 ya yi laushi. Kada ka ba ta maganin ciwon jiki na mutane, ibuprofen ko farasitamol, suna iya lalata mata ciki da ƙoda da hanta.

Tambaya: Karena yana ci da marmari in an buɗe sabon buhu, amma da an kai rabi sai ya fara ja da baya. Me ke kawo haka? (Wani mai karatu)

Amsa: Hancinsa ne ya riga naka. Ana lulluɓe ƙwayoyin busasshen abinci da maiƙo, iska da zafi kuma suna tsufar da maiƙon ya fara hamami. Kare da hanci yake cin abinci: ƙwayoyin ɗanɗanon da ke harshensa kusan 1,700 ne, na mutum kuwa wajen 9,000. Ka sayi buhun da zai ƙare cikin mako huɗu zuwa shida da buɗewa. Ka bar abincin cikin buhunsa, ka matse iska ka ɗaure bakin, sannan ka sa buhun cikin mazubi mai murfi, nesa da rana da laima. Masu juye sabo a kan ragowar tsoho suna gurɓata sabon ne da tsohon maiƙo. Kwanon ma a wanke shi da sabulu kullum, na ƙarfe ya fi na roba, don roba na riƙe wari.

Tambaya: Ɗan kwikwiyona ya kai wata takwas, cinsa ya ragu sosai, amma yana cikin ƙoshin lafiya. (Wata mai karatu)

Amsa: Girmansa ne ya rage sauri, bukatarsa ta ragu. Ki shafa gefen ƙirjinsa: in kina jin haƙarƙari ba tare da dannawa ba amma ba su fito fili ba, kuma ƙugunsa ya ɗan shiga in kin kalle shi ta sama, ƙibarsa daidai take. Ki mai da shi ci biyu a rana. Amma kwikwiyo ɗan ƙasa da wata shida da ya yi awa 12 bai ci ba, ko ya haɗa da amai da zawo mai jini, asibiti nan take.

Tambaya: Zan iya zuba masa romon girkinmu don ya ja ra'ayinsa? (Wata mai karatu)

Amsa: Na tukunyarku a'a, Malama. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga gishiri, ga maiƙon da ke iya kumbura masa fankiriyas, wata gaɓa a ciki mai taimakawa wajen narkar da abinci. Ki dafa nama a ruwa zalla, ki kwashe kitsen saman, ki zuba cokali biyu ko uku na romon a kan abincinsa da ɗan ɗuminsa, ki cakuɗa sosai yadda ba abin da zai tsince. Sirrin a lokaci yake: ki zuba kafin ki ajiye kwanon, ba bayan ya ƙi ba. Dafaffen ƙashi, cakulan, inabi da zabibi kada su shiga kwanonsa. Nama zalla kuma ba cikakken abinci ba ne, ba shi da isasshen kalsiyam, kwikwiyon da aka raina a kansa ƙashinsa ne ke biya. In za ki canja masa abinci gaba ɗaya, ki yi cikin mako guda: kwana biyu rubu'i sabo, kwana biyu rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, ranar bakwai sabon zalla. In kashinsa ya yi ruwa a hanya, ki koma matakin baya ki ƙara kwana biyu a kansa.