Dogon yaron da iska ta karkatar

Malam, ka ce iskar farkon damina ta karkatar da dogon yaron ƙofar gidanka a Birnin Kebbi, shin a rage masa rassa ne ko a sare shi? A sare shi kawai. Tunda ƙasar gindinsa ta ɗaga har ta tsattsage, saiwoyin sun riga sun tsinke, hadari na gaba zai ƙarasa shi.

Amma kada ka bar yaran unguwa su hau da gatari. Nemo masu injin yankan itace, su ɗaura igiya, su fara daga sama reshe-reshe. In wayar lantarki ta ratsa ta wurin, sai an ɗauke wutar layin tukuna. Na ga wanda aka fara sara daga gindi, ya murɗe ya rushe katangar maƙwabci, maganar har gaban mai unguwa.