Tambayi Magini: Ɗakin Gorar Roba Zai Jure Damina?

Tambaya: Malam, ina da fili a bayan gari amma kuɗin bulo ya gagare ni. Na ji ana gini da gorunan ruwa na roba. Da gaske ne, ko zancen shan shayi ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, da gaske ne. A 2011 ƙungiyar DARE, mai aikin bunƙasa makamashi mai sabuntawa, ta gina irin wannan gida a ƙauyen Yelwa ta jihar Kaduna, bisa dabarar wani Bajamushe, Andreas Froese. An ƙiyasta gida mai ɗakin kwana ɗaya da falo yana cin gora kusan 7,800.

Sirrin yana wurin ɗura yashi a cikin gorunan. Busasshe za ka samu, ka tankaɗe, ka riƙa zubawa kana dannawa da sanda. Ni gwajina ɗaya ne: in taka gorar da diddige. In ta lotsa, a sake. Yara sun fi kowa saurin ɗurawa, sun kuma fi kowa ha'inci, don haka ka sa ido.

Ana jera su a kwance kamar tubali, murfi na kallon ciki, a cike tsakani da laka ko siminti, a ɗaure wuyansu da igiya. Harsashi kuwa kada ka yi masa rowar siminti, domin ruwan damina daga ƙasa yake cin gini. Ka kuma yaɓe bangon waje. Rana tana gasa roba har ta yi ƙamas ta farfashe.

Fara da ɗakin kaji tukuna, hannunka ya faɗa.